Ousmane Sembène, ɗan dakon da ya zama uban fim a Afirka

Jama'a, in dai ana maganar masu shirya fim a nahiyar nan tamu to ba yadda za a yi a tsallake sunan Ousmane Sembène, mutumin Senegal, wanda duniya ta sallama masa cewa shi ne uban sinimar baƙar fata ta Afirka. Abin da ke damuna shi ne mu nan ƙasar Hausa, da muke da masana'antar fim tamu ta kanmu kuma muke kallo kamar ba gobe, da wuya ka samu mutum ɗaya a majalisa da ya taɓa jin sunansa, amma ka tambayi jaruman Indiya yanzu za a lissafo maka su har da 'ya'yansu da matansu. Shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta abin da na sani game da bawan Allahn nan, don wallahi rayuwarsa ta taɓa ni sosai.

An haife shi a watan Janairu na 1923 a Ziguinchor, can kudancin Senegal a yankin Casamance. Babansa masunci ne. Boko bai yi nisa ba, tun yana ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu aka kore shi daga makaranta saboda rigima da ta haɗa shi da shugaban makarantar, daga nan bai sake komawa aji ba. Ya bi babansa su na ɗan lokaci, sai ya wuce Dakar ya yi aikin gini, ya yi kanikanci, duk abin da ya samu dai. A 1944 Faransa ta ɗebe shi soja cikin rundunar baƙaƙen fata da take tarawa daga ƙasashen da take mulka, kuma inda aka tura shi ma nan kusa da mu ne, Nijar, yana tuƙa motar soja. Da aka sallame shi ya koma Dakar ya tarar ba aiki, sai a 1947 ya shiga jirgin ruwa a ɓoye ya tafi Faransa, ya ƙare a Marseille yana dako a tashar jiragen ruwa, buhu a kai daga safe har dare.

To a nan ne labarin ya juya. Ya shiga ƙungiyar ƙwadago ta CGT, ya shiga jam'iyyar kwaminis ta Faransa, kuma ƙungiyar tana da ɗakin karatu. Ana cikin haka ya ji mummunan rauni a ƙashin baya wurin ɗaukar kaya, dole aka canja masa aiki mai sauƙi, sai ya samu lokacin da bai taɓa samu ba, ya duƙufa karatu shi kaɗai ba malami. Mutumin da ko firamare bai gama ba a 1956 ya fitar da littafinsa na farko da Faransanci, Le Docker noir, labarin wani baƙin ɗan dako. A 1960 kuma ya fitar da babban littafinsa, Les Bouts de bois de Dieu, a kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa Bamako da aka yi daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948. Duk wanda ya karanta adabi a jami'o'in Najeriya mai yiwuwa ya gamu da fassararsa ta Turanci. Abin da ba na mantawa a littafin shi ne matan nan, yadda maza suka fara yajin aiki amma da yunwa ta tsananta mata ne suka riƙe gidaje, ƙarshe suka yi tattaki da ƙafa daga Thiès har Dakar. Tun daga nan za ka gane cewa mutumin nan mata suna da wani matsayi na daban a tunaninsa, kuma haka ya ci gaba har fim ɗinsa na ƙarshe.

Yanzu ga abin da ya sa nake ganin girmansa. Mutum ya yi suna a Turai, ana buga littattafansa, ana gayyatarsa taro, da wani ne sai ya miƙe ƙafa ya ci gaba da haka har mutuwa. Shi kuwa da Senegal ta samu 'yancin kai a 1960 ya dawo gida, ya zagaya ƙasashen Afirka da dama, sai ya lura da wani abu mai ciwo: mutanen da yake rubutu a kansu, masunta da leburori da matan kasuwa, ba su iya karanta abin da ya rubuta. Littafin da Faransanci yake, su kuwa Wolof suke ji da Pulaar da Diola da Bambara, kuma galibinsu ba su yi boko ba. To wa yake wa rubutun ke nan? Turawa da 'yan boko ƙalilan. Amma gidajen sinima na Dakar cike suke kowane dare, talakawa na biyan kuɗinsu suna kallon kaboyi da Indiya. Sai ya ce shi ke nan, can zan same su. Yana dab da shekara arba'in ya tafi Mosko ya koyi harkar fim a sutudiyon Gorki a hannun darakta Mark Donskoy, ya dawo da tsohuwar kyamara. Shekara arba'in fa, lokacin da yawancinmu muke cewa ai mun tsufa da koyon sabuwar sana'a. Yakan kira sinima makarantar dare, wato inda babba da bai shiga aji ba zai zauna bayan ya tashi daga aiki ya ga rayuwarsa a bango ya yi tunani. Iyayenmu da suka ga zamanin majigi, lokacin da ake zuwa da mota ƙauye ana haska hoton noma da tsafta a fili, za su gane ƙarfin wannan abu, bambancin kawai shi ne majigi na hukuma ne tana faɗa maka abin da take so, Sembène kuwa ya juya fitilar ya haska hukumar kanta.

Fim ɗinsa na farko da aka sani, Borom Sarret na 1963, bai wuce minti ashirin ba. Wani mai keken doki ne a Dakar, muna binsa yini guda. Ya ɗauki wannan ba a biya shi ba, ya ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti, ya ɗauki wani uba da gawar jaririnsa zuwa maƙabarta, ɗan abin da ya samu kuma maroƙi ya wasa kakanninsa ya zuga shi ya miƙa masa. Sai wani mai kwat ya lallaɓe shi ya kai shi unguwar manya inda aka hana keken doki shiga, ɗan sanda ya kama shi ya ƙwace keken, mai kwat ya shige mota ya tafi abinsa. Ya koma gida hannu rabbana, matarsa ta miƙa masa jariri ta ce yau za mu ci abinci, ta fita. Ina za ta? Sembène bai faɗa ba. Minti ashirin kacal amma duk mai tuƙa adaidaita sahu da aka taɓa hana shi bin wani titi zai ce ai labarina ne.

A 1966 ya fitar da La Noire de..., wanda ake lissafawa a matsayin dogon fim na farko da baƙin darakta daga kudu da Sahara ya yi har duniya ta san da shi, ya ci kyautar Jean Vigo a Faransa da babbar kyauta a bikin fina-finai na Carthage a Tunisiya. Yarinya ce mai suna Diouana, tana rainon 'ya'yan wasu Turawa a Dakar, suka tafi da ita Antibes a kudancin Faransa, ita tana murna za ta ga Turai ta sayi kaya masu kyau. Tana isa ta tarar ba raino ba ne, bauta ce, daga kicin sai banɗaki sai ɗaki, ba fita, ba mai yi mata magana kamar mutum, baƙi su zo cin abinci suna kallonta kamar wata dabbar gidan zu. A hankali ta daina magana, ta daina cin abinci, ƙarshe ta kashe kanta a bahon wanka. Asalin labarin ma daga wani ɗan guntun rahoto na jarida ya samo shi, abin ya faru da gaske. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙarshe, da mijin uwar ɗakin ya kawo akwatinta Dakar ya miƙa wa mahaifiyarta kuɗi, tsohuwar ta juya baya ta ƙi karɓa. Mbissine Thérèse Diop da ta fito a matsayin Diouana ba ta taɓa yin fim ba kafin nan, tela ce. Ni duk lokacin da na ji labarin 'yan matanmu da ake kwasa zuwa ƙasashen Larabawa aikatau a karɓe fasfo ɗinsu a kulle su a gida, fim ɗin nan nake tunawa, an yi shi kusan shekara sittin da suka wuce amma kamar jiya aka ɗauka.

Sai dai har lokacin da sauran abin da ke masa ciwo, don fim ɗin da Faransanci yake magana, har tunanin zuciyar Diouana da Faransanci muke ji. A 1968 ya cika burinsa da Mandabi, fim mai kala da harshen Wolof, ko da yake masu ba da kuɗi sai da suka sa aka ɗauki wani kwafin da Faransanci. Kai, wannan fim! In mutum zai kalli guda ɗaya tak a cikin ayyukansa to wannan nake ba da shawara. Ibrahima Dieng magidanci ne mai mata biyu da 'ya'ya bakwai, ya daɗe ba aiki, amma akwai son babbar riga da son girma. Ɗan 'yar uwarsa da ke shara a titunan Paris ya aiko da takardar kuɗi ta gidan waya, sefa dubu 25, kuma yawancin kuɗin ma ba nasa ba ne, ajiya ce ta yaron, wani kaso na uwar yaron, shi Dieng dubu biyu ne rabonsa. Kafin ya ga ko sisi labari ya zagaye unguwa, matansa sun ci bashin shinkafa a kanti, maƙwabta sun yi layi kowa da matsalarsa, har liman. Ya je gidan waya aka ce sai da katin shaida, ya je wurin katin shaida aka ce sai da takardar haihuwa da hoto, ya je wurin takardar haihuwa aka ce wane wata aka haife ka, shi kuwa bai sani ba, mai hoto ya cuce shi, kowane tebur sai an ba da na goro, ƙarshe wani ɗan boko mai kwat da ya ce zai taimaka masa shi ya karɓi kuɗin ya ce an sace. Za ka yi dariya har hawaye sannan dariyar ta tsaya maka a wuya. Wa ya taɓa bin layin katin ɗan ƙasa ko neman fansho na mahaifinsa bai san wannan wahalar ba? Fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice, amma a ganina babbar kyautar ita ce mutanen Dakar sun shiga sinima sun ji ana magana da bakinsu, da irin zaginsu da gaisuwarsu da addu'arsu.

Kuma fa bai tsaya kan Turawa kawai ba, wannan ne ya sa nake yarda da shi. Emitaï na 1971 da harshen Diola ya yi shi, kan yadda Faransa ta zo ƙwace shinkafar ƙauye lokacin yaƙin duniya na biyu mata suka ɓoye ta. Amma Xala na 1975 kan namu manyan ya sauka, 'yan kasuwa da 'yan siyasar da suka karɓi kujeru daga hannun Turawa tare da jakunkunan kuɗi. El Hadji Abdou Kader Bèye ya karkatar da abincin da aka ware wa talakawa ya yi bikin mata ta uku na kece raini, daren farko sai ya tarar an ɗaure shi, ya bi bokaye ya bi malamai dukiya ta ƙare, ashe mabaratan da ya sa aka kwashe daga ƙofar ofishinsa a cikinsu akwai wanda ya cinye wa gado. Akwai 'yarsa Rama, yana mata Faransanci tana mayar masa da Wolof, ya miƙa mata ruwan kwalba na Faransa ta ƙi sha. Gwamnatin Senghor, shugaban Senegal na lokacin, sai da ta yanke wurare da dama kafin ta bari a nuna.

Ceddo na 1977 kuwa dole in faɗi gaskiyata a kansa, don ni Musulmi ne kuma fim ɗin ya yi min nauyi. Labarin wata masarauta ce ta da, inda wani limami ya samu shiga fada, ya ƙare da ƙwace sarauta yana musuluntar da mutane da ƙarfi ana aske musu kai ana canja musu suna, ga kuma Bature mai sayen bayi da fada na coci a gefe. Ban yarda cewa haka Musulunci ya shiga ko'ina a Afirka ta Yamma ba, mu mun san fatake da malamai da almajirai da suka yaɗa shi cikin lumana ɗaruruwan shekaru, kuma fim ɗin ya matse tarihi mai tsawo a ƙauye ɗaya ya ɗora wa mutum ɗaya. Amma duk da haka ba zan ce a ƙone shi ba, don tambayar da yake yi tana nan, me ke faruwa idan mai wa'azi ya fara kwaɗayin kujerar sarki? Mu da muka ga abin da aka yi da sunan addini a arewa maso gabas ba ma buƙatar a fassara mana. Gwamnati ta hana nuna shi a Senegal na tsawon shekaru, dalilin da aka bayar a hukumance wai Senghor ya ce da "d" ɗaya ake rubuta sunan, Sembène ya ce biyu ne kuma ba zai canja ba, kowa dai ya san ba harafi ne matsalar ba. Gidansa ma da ke unguwar Yoff ta Dakar a bakin teku Galle Ceddo ya sa masa suna.

Mutum ne mai taurin kai, kullum da lofe a baki, kuma waɗanda suka yi aiki da shi ba su ɓoye cewa yana da zafi ba. Ya taɓa faɗa wa Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya yi fina-finai da yawa a Nijar, ido da ido cewa ku kuna kallonmu ne kamar ƙwari. Da aka tambaye shi ko Turawa na fahimtar fina-finansa ya ce Turai ba ita ce cibiyarsa ba, mutanensa yake wa aiki. Yana cikin waɗanda suka tsaya wa bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu tun farkonsa a 1969, kuma ya ƙi sa fina-finansa a gasar don ya bar wa na baya fili, a nan ne Oumarou Ganda na Nijar ya fara ɗaukar babbar kyautar a 1972.

Camp de Thiaroye na 1988, da ya yi tare da Thierno Faty Sow, shi ne bashin da ya biya wa 'yan uwansa sojoji. Ranar 1 ga Disamba 1944 a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, da yawansu ma sun sha zaman fursuna a hannun Jamus, suka nemi a biya su haƙƙinsu, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama na cewa sun kai ɗaruruwa. Kuɗin fim ɗin daga Senegal da Aljeriya da Tunisiya aka haɗa, ya ci kyautar alƙalai a Venice, amma a Faransa sai da aka yi kusan shekara goma ba a nuna shi a sinima ba. Sai a 2024, shekara tamanin bayan abin, shugaban Faransa Macron ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Sembène bai ga wannan ranar ba.

Ya yi Guelwaar a 1992, inda aka yi kuskure aka binne Kirista a maƙabartar Musulmi gari ya kusa kamawa da wuta, a ciki kuma ya caccaki dogaro da abincin agaji. Ya yi Faat Kiné a 2000. Yana da wajen shekara tamanin ya tafi wani ƙauye a Burkina Faso cikin zafin rana ya ɗauki Moolaadé, kan kaciyar mata. Yara mata huɗu suka gudu daga wurin masu kaciya suka faɗa gidan Collé, ita kuma ta ɗaura igiya a ƙofar gida ta ce suna cikin amanarta, ba mai tsallakawa. Mijinta ya zane ta da bulala a gaban gari don ta janye, ta ƙi buɗe baki. Maza suka tattara rediyoyin mata suka cinna musu wuta don a ganinsu daga nan suke jin abin da ke sa su taurin kai, ciki har da jin cewa addini bai wajabta wannan abu ba. Fim ɗin ya ci kyauta a Cannes a 2004. Allah ya yi masa rasuwa ranar 9 ga Yuni 2007 a Dakar yana da shekara 84, aka binne shi a Yoff. Babban burinsa na yin fim a kan Samori Ture, sarkin nan da ya yaƙi Turawan Faransa, wanda ya yi shekaru da shekaru yana shiri, bai samu kuɗin yinsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Abin da ke ci min rai in na dubi gida shi ne, abin da mutumin nan ya sha wuya kafin ya samu, wato fim da harshen uwa da kuma jama'ar da za su kalla, mu Allah ya ba mu shi a sauƙaƙe. Tun 1976 Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar da Hausa, daga 1990 zuwa yau kuma Kannywood ta fitar da fina-finan da ba su ƙirguwa, ana kallo daga Kano har Damagaram har zangon Kumasi har Sudan, ba mu taɓa roƙon wani Bature izinin yin magana da Hausa a fim ba. Ba na raina masu yi, na san ba kuɗi, na san masu satar fasaha sun karya kasuwa, na san akwai hukumar tace fina-finai da tsoron bakin mutane, kuma akwai matasan daraktoci da ke ƙoƙari sosai musamman a masu dogon zango. Amma ina fim ɗinmu na ɗan fansho da ya mutu a layi? Ina na manomin da 'yan bindiga suka sa wa haraji kafin ya girbe gonarsa, ko na yarinyar da aka kai aikatau? Sembène da tsohuwar kyamara da 'yan wasan da ya tsinto a titi ya yi nasa, kuma gwamnati na hararar sa.

Wasu daga cikin fina-finansa an gyara su sun fito tas, La Noire de... da Borom Sarret gidauniyar daraktan Amurka Martin Scorsese ta sa hannu aka sabunta su, Mandabi ma an sabunta shi, akwai kuma fim na tarihin rayuwarsa da Samba Gadjigo da Jason Silverman suka fitar a 2015. Matsalar dai ita ce fassarar da ke ƙasan allo Turanci ce ko Faransanci, wato an koma gidan jiya, mahaifiyata ba za ta iya bi ba. Muna da gwanayen da ke juya fim ɗin Indiya na awa uku zuwa Hausa cikin 'yan kwanaki har da barkwanci, don Allah wani a cikinsu ya nemi izinin masu haƙƙin Mandabi ya sa wa Ibrahima Dieng bakin Hausa, ni dai na yi alkawari zan saya kuma zan tara 'yan unguwarmu mu kalla.